Rahoton ayyukan shekarar 2025: neman wurin kallon taurari a kewayen Garwa

Malam shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum.

A babban taron ƙarshen bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa aiki guda wanda ya fi sauran nauyi, wato ya nemo wa ƙungiya wurin da za ta riƙa zuwa kallon taurari a bayan garinmu Garwa, a arewacin Kamaru, tunda filin makarantar da muka saba taruwa ya daina biya mana buƙata. Wannan rahoto bayani ne a kan inda muka je, da abin da muka tarar, da kurakuran da muka yi, da shawarar da muke neman ku amince da ita. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji wadda zai karanta bayan wannan, saboda haka ba za mu taɓa shi ba sai inda ya zama dole.

Abin da ya fitar da mu daga gari

Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna lokacin da mutum ke shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa a Yelwa ko a Fulɓere, ya ɗaga kai ya ga farar hanyar nan da ta ratsa sama, wadda littattafan malamai ke kira Majarra. Yanzu ba a ganinta daga tsakiyar Garwa sai daren da aka ɗauke wuta a unguwanni da yawa lokaci guda, kuma ko a irin wannan dare fitilun titi masu aiki da hasken rana suna nan a kunne. Shaguna da gidajen mai sun koma amfani da farin ƙwai mai ƙarfi, daren da ake wasa a filin Rumde Ajiya kuwa, wanda aka gyara domin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, sai rabin sama ya yi fari kamar asuba ta gabato. Kwamiti ba ya gaba da fitila, domin mai shayi da ɗan kasuwa da matar da ke komawa gida bayan isha'i duk suna buƙatarta. Abin da ke ɓata mana sama shi ne hasken da ke tserewa daga fitilar da ba ta da murfi, ya tashi ya bugi ƙura da tururin da ke cikin iska, sannan ya bazu ya rufe ƙananan taurari.

Matsalar ta game duniya. Taswirar hasken dare da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune a ƙarƙashin saman da hasken lantarki ya gurɓata, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba sa ganin Majarra daga inda suke kwana. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023, wanda aka gina a kan rahotannin masu kallo da ido, ya gano cewa tsakanin 2011 da 2022 hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, har yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250 zai iske saura 100 kawai ranar da ya cika shekara 18. Sai dai a cikin taswirar ta 2016 akwai abin da ya ƙarfafa mana gwiwa: ƙasashen da samansu ya fi tsabta su ne Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska, biyu daga cikinsu kuwa suna iyaka da yankinmu na Arewa. Duhu yana kusa da mu, aikinmu shi ne mu san ta inda ake isa gare shi.

Ba mu da na'urar auna hasken sama, don haka mun dogara da ma'aunin da John Bortle ya wallafa a 2001, mai matakai 9, inda mataki na 1 yake nufin cikakken duhu, na 9 kuma tsakiyar babban birni. A kowane wuri mukan zauna minti 30 ba tare da kowa ya kunna waya ko tocila ba, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, sannan kowa ya ƙirga taurarin da yake gani a cikin Kaza da 'Ya'yanta, ya faɗi ko yana ganin rassan Majarra da baƙaƙen tsagoginta, mu rubuta. Mun kuma yi aiki da ƙa'idar da Merle Walker ya fitar a 1977, wadda ke cewa idan ka ninka nisanka daga gari, hasken garin da ke samanka yakan ragu kusan sau 6. Ma'anarta a aikace ita ce, kilomita 15 na farko suna da amfani ƙwarai, 15 na biyu ma haka, amma daga nan ribar takan yi ta raguwa alhali kuɗin mai yana ƙaruwa.

Fitar hunturu

Fitarmu ta farko ta kasance a duhun watan ƙarshen Janairu, zuwa gonakin muskuwari, wato dawar rani, da ke bayan Pitowa, kimanin kilomita 15 daga gari. Mun zaɓi lokacin ne saboda Mirriku (Mars) ta yi kusa da duniya a tsakiyar watan, Mushtari (Jupiter) yana tsakiyar sama, Zara kuma tana haskawa a yamma bayan magariba. Dukkansu mun gan su, amma da ma su ana ganinsu daga kan soron gida. Abin da muka fita dominsa bai samu ba, saboda hazo ya sauka kwana biyu kafin tafiyar. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wurin da masana ke ɗauka ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, tana yi wa mai kallo ɓarna iri biyu. Tana rage hasken tauraro kafin ya iso ido, sannan tana ɗaukar hasken gari ta kai shi nesa da inda zai kai a daren da iska ke da tsabta. A wannan dare Garwa ta yi wani jan kumburi a kudu maso yamma wanda ya kai kusan rabin hanya zuwa tsakiyar sama, kuma duk tauraron da ke ƙasa da tsayin mashi biyu daga doron ƙasa ya ɓace. Mun koyi cewa a hunturu ba a yanke ranar fita tun mako guda kafin lokaci. Ana duban rana da la'asar: idan ana iya kallonta ido da ido tana fari kamar faifai, to a zauna a gida.

A Fabrairu muka juya kudu, ta hanyar Ngong, kuma a nan ne muka yi kuskuren da ya kamata a rubuta shi filla-filla domin kada a sake. Mun ratse daga kwalta bayan magariba, muka bi wata hanyar amalanke har muka sami fili mai faɗi a gefen gonar audugar da aka riga aka tsince, ba tare da mun sanar da kowa ba. Muka kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku, muka ɗaure bakin tocilolinmu da jar leda kamar yadda muka saba, tunda jan haske ba ya ɓata sabon ido da duhu. Bai zo mana a rai ba yadda abin zai kasance a idon mutumin ƙauye: baƙi cikin dare, da jajayen fitilu, da wani dogon bututu a kan ƙafafu yana fuskantar sama, a yankin da labarin masu garkuwa da mutane ba baƙo ba ne. Ba mu yi sa'a guda ba sai ga 'yan sintiri sun kewaye mu da kwari da baka da manyan tociloli, suka haske mana ido, suka ce kowa ya zauna a ƙasa. Allah ya sa akwai masu jin Fulatanci sosai a cikinmu, kuma kowa yana ɗauke da katin shaidarsa. Suka tasa mu gaba har ƙofar jauro, wato mai garin, wani yaro yana biye da mu rungume da madubin kamar ya ɗauko jariri.

Jauron dattijo ne mai natsuwa. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce a kafa abin a gabansa ya ga aikinsa. Muka saita shi a kan Mushtari, muka nuna masa inda zai sa ido. Ya daɗe a sunkuye, rawaninsa na goga bakin madubin, sannan ya ɗago ya tambaya ko ƙananan ɗigogin da ke jere a gefen tauraron datti ne a gilashi. Da aka gaya masa watanni ne guda 4 masu kewaya shi, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610, sai ya sa aka kira limamin garin da 'ya'yansa. Mun kwana a zaurensa. Da safe ya yi mana faɗan da ya dace da mu, ya ce da an sami mai saurin hannu a cikin samarin da labarin ya sha bamban, sannan ya kai mu da kansa wani tudun fako a kudancin garin, inda ba gona ba bishiya, ya ce idan za mu dawo mu aiko tun da rana. Da ɗan gari akan ci gari, mun san karin maganar tun muna yara, amma sai a wannan dare muka biya kuɗin karatunta. Mun yi alkawari da shi ba za mu yaɗa sunan ƙauyen ba, domin kada wasu su je da sunanmu. Duk ɗan ƙungiyar da ke son sani ya tambayi sakatare.

Watan azumi ya faɗo a Maris, saboda haka mun dakatar da fita, kamar yadda aka amince tun farko.

Arewa ko kudu

Tun a taron bara wasu 'yan'uwa suka nace a gwada duwatsun Tingilin da ke arewacin gari, bisa hujjar cewa suna kusa kuma suna da tsawo. Mun je a duhun watan ƙarshen Afrilu, cikin tsananin zafi, muka tsaya a gindin dutsen inda mota ke iya kaiwa, matasa suka ɗan hau sama. Gefen arewa ya yi kyau, har mun nuna wa sababbin shiga tauraron arewa wanda ba ya motsi, yana tsaye kimanin digiri 9 a kan doron ƙasa, daidai da nisan Garwa daga layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu. Amma abin da muka je nema yana kudu. A wannan lokaci na shekara taurari huɗun nan masu siffar gicciye suna kaiwa ƙarshen tsayinsu wajen ƙarfe 10 na dare, kuma daga nan ƙasarmu ba sa wuce digiri 18 zuwa 24. To, tsakaninmu da su akwai Garwa gaba ɗayanta, da filin jirgin sama da fitilun gada. Hawa dutse bai ƙara mana komai ba sai ganin fitilun da kyau.

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci a aikin bana. Mazaunin wannan yanki yana da rabon da mutanen Turai ba su da shi, domin yana ganin kusan dukkan saman arewa da mafi yawan saman kudu. Amma kayan kudu, wato gicciyen, da tauraro mafi kusa da rana wanda ido ke gani, wanda haskensa ke shekara 4 da 'yan watanni a hanya, da Suhailu, duk ƙasa-ƙasa suke bi. Kayan arewa kuwa yawancinsu suna hawa sama sosai, inda hasken gari ba ya cin su da yawa. Saboda haka wurin da ya dace da mu dole ya kasance a kudancin Garwa, yadda za mu ba gari baya. Kilomita 30 a kudu sun fi mana kilomita 50 a arewa.

Mun tabbatar da haka a ƙarshen Mayu, da muka koma tudun da jauro ya nuna mana, kwana ɗaya bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ruwan farko-farkon damina yana wanke sama fiye da yadda mutum zai zata. Gicciyen ya fito tsaf tun bayan isha'i, a samansa kuma muka ga dunƙulen taurarin nan mai kama da auduga, wanda a madubi mai ido biyu ya cika wuri kamar wata. Wajen tsakar dare Kunama ta miƙe sosai da jan tauraronta na Ƙalbu, Majarra ta biyo ta da kauri da rassa, har wani ɗalibi da ya zo karon farko ya ce mu tattara kaya hadari ya taso. Sai da aka nuna masa cewa taurari suna gaban wannan hadari, ba bayansa ba, sannan ya yarda. A ƙiyasinmu tudun yana tsakanin mataki na 2 da na 3 a ma'aunin Bortle, kuma hasken Garwa ya tsaya ne a matsayin ɗan kumburi a arewa wanda tafin hannu ke rufewa. Abin takaici shi ne, tsakiyar Majarra tana kyau da farkon dare daga Yuni zuwa Satumba, wato daidai lokacin da gajimare da taɓo suka fi yawa. Wanda yake son ganinta a bushe sai ya tashi kafin asuba a Maris ko Afrilu.

Lagdo mun gwada ta sau ɗaya a Yuni. Tana da nisan sama da kilomita 50, kuma ruwan da madatsar da aka kammala a 1982 ta tara yana buɗe doron ƙasa ta gabas da kudu ba tare da wani shinge ba. Amma akwai fitilun madatsa da na gari, akwai na masunta a kan ruwa, raɓa ta jiƙe gilashin madubi kafin tsakar dare, sauro ya hana kowa sakat, mutanen wurin kuma suka gargaɗe mu game da dorina da ke fitowa kiwo da dare. Kwamiti bai ba da shawarar a koma ba sai dai don yawon rana. Kwazazzabon Kola da ke kusa da Gider, kimanin kilomita 100 a arewa, mutum biyu muka aika su duba da rana. Sun dawo da rahoton cewa wurin yana da kyan gani, amma duwatsu masu santsi da ramuka ba wurin yawo cikin duhu ba ne. Game da Rumsiki da wasu suka ambata, kwamiti ya ga nisa da yanayin tsaron duwatsun Mandara ba su ba da damar kai ƙungiya kwana a fili ba.

Damina da zazzaɓin wata

A Yuli da Agusta ba mu fita ba. Ruwan taurarin 12 ga Agusta ya zo kwana uku bayan cikar wata, ga kuma hadari, don haka ba a yi asarar komai ba. Mun yi amfani da watannin wajen karatu a ɗaki, inda ɗaya daga cikin dattawanmu ya ɗauke mu darasin taurari 28 na lissafin manoma, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Matasa sun riƙa nemo kowanne a manhajar Stellarium suna haɗa sunan da malam ya faɗa da wurinsa a sama. Da yawa a ranar suka fara sanin cewa Surayya ta littafi ita ce Kaza da 'Ya'yanta ta tsakar gida.

Taron da ya fi tara jama'a a bana shi ne na husufin wata ranar Lahadi 7 ga Satumba. Shi ba ya buƙatar duhun daji, saboda haka mun yi shi a filin wata makaranta a gabashin gari, muka gayyaci ɗalibai da iyayensu. Wata ya fito bayan ƙarfe 6 an riga an ci gefensa, ya shiga inuwar duniya gaba ɗaya daga 6:30 zuwa 7:52, minti 82 ke nan. Gajimare ya rufe mana farkon, aka tafi sallah, ana jiyo yara a unguwa suna ta kaɗa gwangwani kamar yadda aka saba idan wata ya yi zazzaɓi. Da muka dawo sama ta buɗe, ga shi ja kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Mun bayyana wa ɗalibai cewa jan ya samo asali ne daga hasken rana da ke ratsa iskar da ta lulluɓe duniya ya lanƙwasa ya faɗa kan wata, irin jan da ake gani a faɗuwar rana. A cikin waɗannan mintuna, da farin wata ya ɗauke, sai ga Majarra ta ɗan bayyana a kudu ko a bakin gari. Malaman makarantar sun nemi mu dawo, kuma mun karɓa.

Kaka

Mun sa rai sosai a kan 21 ga Oktoba, domin ruwan taurarin da ke fitowa daga ɓurɓushin tauraruwa mai wutsiya ta Halley ya dace da duhun wata, ga kuma wata tauraruwa mai wutsiya, Lemmon, da ta matso kusa a ranakun. Halin da gari ya shiga bayan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoba ya sa kwamiti ya soke duk wata tafiyar dare, kuma muna ganin hukuncin daidai ne. Wasu sun hango Lemmon da madubi mai ido biyu daga kan soro, a yamma bayan magariba.

Daren da ya fi kowane kyau a shekarar shi ne na ƙarshen makon da ya biyo bayan duhun watan 20 ga Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, ƙunar daji ba ta yi yawa ba tukuna. Mun aika wa jauro tun kwana biyu kafin tafiya, muka isa da la'asar, samarin da suka tsare mu a Fabrairu su ne suka taya mu share tudun. Da farkon dare kowa ya ga Andromeda, wani tarin taurari irin Majarra, da ido, wadda haskenta ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Zuhal (Saturn) ya ba wasu mamaki, domin zobensa a bana yana fuskantar mu da kaifinsa tun da duniya ta ratsa daidai da shi a Maris, sai ya zama kamar allura ta soke ƙwallo. Bayan ƙarfe 1 na dare aka yi gardama a kan wani farin tabo da ke ƙasa da Suhailu ta yamma, kimanin digiri 11 daga doron ƙasa. Masu kaifin ido sun ce Babban Gajimaren Magellan ne, wani tarin taurari maƙwabcin Majarra, mai nisan shekarun haske kusan 160,000, wasu sun ce hayaƙi ne. Madubi mai ido biyu ya raba gardamar, kuma masu kaifin ido ne suka yi gaskiya.

Abin da mai rubuta wannan rahoto ba zai manta ba ya faru ne kafin asuba. Wani farin haske ya taso daga gabas, mai faɗi a gindi, siriri a sama, ya miƙe tsaye har kusan tsakiyar sama. Wani matashi ya tashi zai yi alwala, sai limamin ƙauyen, wanda ya kwana tare da mu, ya ce masa ya dakata, wannan alfijirin ƙarya ne, na gaskiya yana zuwa a kwance. Dukkanmu mun karanta bambancin biyun a littattafan fiƙihu, inda ake kamanta na farkon da wutsiyar kyarkeci, amma mafi yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba, domin hasken gari yana shafe shi sarai. A ilimin taurari hasken rana ne da ke bugun ƙurar da ke warwatse a tsakanin duniyoyi. Liman yana ganinsa a duk daren da ba wata tun yana yaro, mu kuwa sai da muka ƙona mai muka zo. Kimanin sa'a guda bayan haka farin ya bazu a kwance, ya kira sallah.

Ruwan taurarin daren 13 zuwa 14 ga Disamba, wanda ke fitowa daga dutsen sama mai suna Phaethon, shi ma a tudun muka kalle shi. Hazo ya fara, amma manyan sun yi ta ratsa shi har wata ya fito wajen ƙarfe 2.

Abin da bai tafi daidai ba

'Yan'uwanmu mata kusan ba su amfana da fitar bana ba, domin duk tafiyar kwana ce, kuma wannan gazawar kwamiti ce. Wayoyi sun ci gaba da ɓata mana aiki, mutum ɗaya ya duba saƙo sai na kusa da shi su sake jiran minti 20. An sami masu zuwa da silifa duk da gargaɗin cewa kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, kuma kunama ta harbi mutum ɗaya a Afrilu, Allah ya taƙaita. Madubinmu babba guda ɗaya ne, layi yana tsawo, kuma kuɗin mai ya cinye fiye da abin da aka ware masa saboda tafiye-tafiyen gwaji.

Shawarwarin da ke gaban taro

Kwamiti yana neman taro ya amince a daina yawon gwaji, a tsayar da tudun kudu a matsayin wurin ƙungiya na kwana, a riƙa zuwa tsakanin 25 ga watan Musulunci da 3 ga mai bi masa, wanda shi ne lissafi mafi sauƙi na duhun wata kuma kowa yana da shi a kalandar gidansa. Kada a je sai an aika wa jauro, a isa kafin magariba, kada a kamo hanyar gida sai gari ya waye, kuma a ware wani abu daga asusu domin goron masu gari da shayin 'yan sintiri. Muna kuma neman a tsayar da wuri na biyu a bakin gari ta kudu, hayin gada, domin zaman sa'a biyu bayan magariba wanda mata da ɗalibai za su iya halarta su koma gida da wuri. Akwai shawarar a rubuta wa masu unguwanni takarda cikin ladabi game da sanya wa sababbin fitilu murfi yadda haskensu zai sauka kan titi, da shawarar a tara kuɗin madubai masu ido biyu guda uku, irin 10x50, maimakon babban madubi na biyu, domin sun fi araha kuma mutum da yawa za su yi kallo lokaci guda. Batun tafiya Ngaundare a tsakiyar hunturu, inda tudu ya haura mita 1,000 kuma ake sa ran ƙura ta fi sauƙi, mun bar shi ga taro ya tattauna bayan an ji ta bakin ma'aji. Ya kamata kuma a fara tanadin tabaran kallon rana tun yanzu domin husufin 2 ga Agusta 2027, wanda zai cika a Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, mu kuma za mu ga wani ɓangarensa.

Idan taro ya amince, fita ta gaba za ta kasance a duhun watan 18 ga Janairu 2026, mako guda bayan Mushtari ya kai kusancinsa na shekara, da sharaɗin hazo ya yi sauƙi. Masu niyya su ba sakatare sunansu kafin a tashi, kowa ya tanadi bargo da rufaffen takalmi da katin shaida.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.